Gandoki da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi: Tarihin Musun "Wa Zai Ka da Wani" a Kudancin Katsina

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin yaran Hausawa, a dandali da makarantar allo da ta boko, watau in wane da wane suka gamu a fagen fama, wa zai ka da wani. Waɗanda ake gwamawa ɗin kuwa sau da yawa taurarin tatsuniya ne ko na littafi, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba balle su haɗu da juna. Manya sukan ɗauki wannan musu a kan shiriritar ƙuruciya ce. Amma wanda ya bi sawunsa zai tarar yana da tarihi da ƙa'idoji, kuma yana nuna abin da al'umma ta ɗauka shi ne ƙarfi a kowane zamani. Wannan maƙala ta ɗauki misali guda, watau gwama Gandoki na Malam Bello Kagara da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, ta dube shi daga ƙasar Danja da maƙwabtanta, domin a wannan yanki labarin ɗaya daga cikin jaruman biyu ya gogi tarihin mutanen wurin kai tsaye.

Asalin Musun a Tatsuniya

Tun kafin a buga littafin ƙagaggen labari ko ɗaya da boko, tatsuniya ta riga ta shimfiɗa wa wannan musu tabarma. Shaidar haka tana cikin abin da aka tattara a farkon ƙarni na 20. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray kuma ya buga Hausa Folk-Lore a 1913, daga rubutun ajami na wani malami mai suna Malam Shaihu, wanda ya yi masa aiki a ƙasar da a yau ake kira Ghana. A cikin waɗannan taskoki akwai wani nau'in labari da ba ya ƙarewa da hukunci, sai da tambaya.

Alal misali, a littafin Rattray akwai labarin wani sarki da ya so ya san wanda ya fi gwaninta cikin 'ya'yansa uku, ya sa suka hau dawaki suka nufi wata kuka. Na fari ya soke ta da mashi, ya bi ta kafar da mashin ya yi, shi da dokinsa. Na biyu ya ɗaga dokinsa ya tsallake ta. Autan ya tumɓuke ta da saiwoyinta ya nufo ubansa yana jinjina da ita. Mai labarin bai zaɓi kowa ba, ya juyo ya tambayi masu sauraro wa ya fi. Ke nan musun da kan biyo bayan labarin wani ɓangare ne na labarin, kuma an gina shi ne da gangan don ya haifar da shi.

Labari na biyu daga wannan littafi ya fi kusa da abin da ake magana a kai. Wani mutum ne mai cika baki yake kiran kansa Namiji-Mijin-Maza, matarsa tana yi masa kashedi, har ranar da ya gamu da mai sunan na ainihi, ƙato mai cin giwaye, wanda jaririn ɗansa ma yake jawo gugar da ta gagari ƙarti. Mai cika bakin ya ranta a na kare, ƙaton ya bi shi, har suka iske wani ƙaton na daji zaune a gindin itace. Ƙattin nan biyu suka sarƙe da kokawa, suka yi tsalle suka shige sama, kuma tatsuniyar ta ce har yau suna can suna yi, in sun gaji su huta, rugugin da ake ji da damina kuwa karonsu ne. Ga karo tsakanin taurari biyu da aka ƙi yanke shi har abada. Na uku shi ne sanannen labarin Gizo da ya ba Giwa bakin igiya ya ba Dorina ɗaya bakin, kowace tana zaton da Gizo take ja.

Daga waɗannan za a iya fitar da ƙa'idoji uku da suka zama gadon masu musu. Ta farko, mai ba da labari ba shi ne alƙali ba, hukunci na masu sauraro ne. Ta biyu ita ce wadda karin magana ya taƙaita da cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta, watau ba a yarda a sami mai ƙarfin da ba shi da na gaba da shi ba. Ta uku, dabara tana shiga ma'aunin ƙarfi, in ba haka ba da Gizo bai zama gwarzon tatsuniya ba.

Fagen dambe da kokawa ya ƙara wa waɗannan ƙa'idoji kalmomin awo. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, 'yan dambe sukan bi garuruwa, 'yan kallo kuma su yi ta lissafin wa zai kashe wani tun kafin a ɗaure hannu. Abin da suke aunawa shi ne ƙarfin damtse, da zuciya, da abin da mutum ya ɗaura ko ya sha, watau laya da guru da kambu da sauran tsari. Waƙoƙin Ɗan Anace ga Shago da Ɗandunawa sun yaɗa irin wannan lissafi har ga waɗanda ba su taɓa ganin 'yan damben ba. Da jaruman takarda suka iso, da wannan mudu aka auna su.

Jarumai Biyu na Takarda

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, da Gandoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Marubucin Gandoki, Malam Bello Kagara, wan Abubakar Imam ne. An haife shi wajen 1890, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971. Littafin ya fito a 1934, kuma rabi biyu ne masu bambancin yanayi. A rabin farko Gandoki barde ne a rundunar Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, a daidai lokacin da Turawa suke cin ƙasa, kuma garuruwa da sarakunan da aka ambata na gaske ne. A rabi na biyu, bayan ƙasa ta faɗa hannun Turawa, ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya shiga duniyar aljannu da dodanni, inda takobinsa yake cin duk abin da ya tare shi. Gandoki da kansa ne yake ba da labarin, da kirari da bugun gaba.

Iliya Ɗan Mai Ƙarfi ya fito a Zariya a 1951. Marubucinsa ma mutumin Lardin Katsina ne, amma tushen labarin daga nesa yake, domin ƙashin bayansa na Iliya na Murom ne, jarumin tsofaffin waƙoƙin baka na Rasha. A ruwayar Rashawa, Iliya ɗan manomi ne da ya zauna gurgu shekara 30 ko 33, gwargwadon ruwaya, har waɗansu baƙi matafiya suka ba shi abin sha ya miƙe da ƙarfin da ya wuce misali. Suka gaya masa ba a rubuta masa mutuwa a fagen yaƙi ba, amma suka hana shi karawa da waɗansu jarumai, cikinsu har da ƙaton nan Svyatogor, wanda ƙasa ma da ƙyar take ɗaukarsa. Aikinsa na farko shi ne tumɓuke kututturan gonar iyayensa. Sa'an nan ya tafi birnin Kiev ya yi wa Sarki Vladimir hidima, sarkin ya saka masa da kurkuku, ya kuma fito da shi da abokan gaba suka kewaye birni. Malam Ahmadu Ingawa ya sa wa labarin rigar Hausa da ta Musulunci: Vladimir ya zama Waldima, Kiev ta zama Kib, ƙaton ya zama Wargaji, dokin Iliya kuma aka sa masa suna Kwalele. A ƙarshe Iliya bai faɗi a hannun kowa ba, dutse ya zama.

Littattafan nan biyu sun shiga makarantun Arewa a matsayin littattafan karatu, kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga su, shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 kuma ya kai su ƙauyukan da a da ba su da aji ko ɗaya. Yaron da ya tashi da tatsuniyar 'ya'yan sarki uku, ya zo ya karanta jarumai biyu da ba a taɓa kayarwa ba, ba ya bukatar wanda zai koya masa tambayar da za ta biyo baya.

Inda Labarin Ya Gogi Ƙasar Danja

Danja tana kudancin Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987. Tana cikin yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, ƙasar masara da dawa da auduga, da rake da tumatir na fadama, kuma tana gab da inda ƙasashen Katsina da Zazzau da Kano suka haɗa iyaka. Wannan zama a bakin iyaka shi ya sa yankin ya ɗanɗani ƙarshen yaƙe-yaƙen Kwantagora.

Ibrahim Nagwamatse ya gaji sarautar da mahaifinsa Umaru ya kafa, ya kuma shahara da hare-haren kama bayi. A watan Janairu na 1901 sojojin Turawa suka ci Kwantagora. Sarkin Sudan ya fita da jama'arsa ya yi arewa, ya sauka a wajen Kaya, a arewacin ƙasar Zazzau kusa da iyakar Katsina, tafiyar da ba ta da nisa daga Maska da Danja. Runduna mai yawa da ta rabu da gonakinta dole ta ci daga gonakin wasu. Matsin da ta yi wa ƙasar Zazzau yana cikin dalilan da suka sa Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa, waɗanda suka kama Ibrahim a 1902, suka fitar da shi, sa'an nan suka mai da shi Kwantagora a 1903, inda ya zauna har rasuwarsa a 1929.

Akwai shaida a kan yadda talakawan wannan yanki suka ga waɗannan mayaƙa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta tashi ne a wajen Zarewa ta ƙasar Kano, maƙwabciyar wannan yanki ta gabas. Ta ba da labarin mahara na Mai Sudan, sunan da mutanenta suke kiran Ibrahim da shi, yadda sukan faɗa wa rinji da ƙauye, da yadda aka kama waɗansu daga danginta sai da aka tara kuɗi aka fanso su. Malam Bello Kagara kuwa yana yaro ɗan shekara kamar 11 lokacin da Kwantagora ta faɗi, kuma garinsu yana ƙarƙashin ikonta. Shi ya ga rundunar daga ciki, Baba ta gan ta daga gonar da aka tattake.

Saboda haka yaron Danja ko Dabai ko Bakori da ya tsaya wa Gandoki a musu, ya sani ko bai sani ba, yana tsaya wa barden rundunar da mai yiwuwa kakanninsa suka gudar wa cikin dare. Wanda ya tsaya wa Iliya kuwa yana tsaya wa baƙo daga Rasha, amma baƙon da asalinsa ɗan manomi ne, wanda sarki ya zalunta ya kuma dawo yana neman taimakonsa. Wannan shi ne nauyin da musun yake da shi a nan wanda ba shi da shi a Kano ko Sakkwato.

Awon Jaruman Biyu

In aka bi mudun da aka gada, ta fuskar ƙarfin jiki Iliya ne a gaba, domin ƙarfinsa baiwa ce da aka ɗura masa rana ɗaya, ba ta da alaƙa da horo ko ƙoshi. Gandoki mutum ne kamar kowa, abin da ya fi mutane da shi zuciya ce da sanin makami. Ta fuskar dabarun yaƙi kuwa Gandoki ne a gaba, domin ya san hawa da sauka, ya san yaƙin runduna da kai hari da ja da baya, ya kuma fuskanci bindigar Turawa, abin da Iliya bai taɓa gani ba.

Masu goyon Iliya suna da wata hujja mai kama da ta zauren alƙali, watau Gandoki shi ne mai da'awa shi ne kuma shaidar kansa, tun da duk abin da aka sani na bajintarsa daga bakinsa ya fito, alhali labarin Iliya wani ne yake bayarwa. Masu goyon Gandoki su ma suna da tasu, cewa ƙarfin aro ba abin alfahari ba ne, wanda aka ba shi ƙarfi a ƙoƙo bai kai wanda ya nemo nasa a bakin mashi ba.

Hujjar da ta fi nauyi tana ga ƙa'ida ta biyu, ta gaba da gabanta, domin kowane littafi ya nuna na gaba da jaruminsa. Na gaba da Iliya shi ne Wargaji, wanda yake cikin duniyar labarin, kuma girmansa bai rage wa Iliya kome ba a yaƙe-yaƙensa. Na gaba da Gandoki kuwa yana wajen labarin, shi ne tarihi. Malam Bello yana rubutu ne a 1933, yana ma'aikacin gwamnatin da ta ci Kwantagora da Bida a 1901, ta ci Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, kuma masu karatunsa sun san yadda aka ƙare. Ba shi da ikon ya ba Gandoki nasara a kan Turawa. Abin da ya iya shi ne ya hana su kama shi ko kashe shi, sa'an nan ya ɗauke shi ya kai shi ƙasar da babu igwa, inda takobi da addu'a suke da sauran amfani. Rabin littafin na biyu diyya ce ta abin da aka rasa a rabin farko.

Bisa wannan, in dole sai an yanke, rinjaye yana ga Iliya, domin an gina shi a kan ba ya faɗuwa a fagen yaƙi, Gandoki kuwa an gina shi a kan mutumin da zamaninsa ya riga ya faɗi. Amma wannan rauni shi ne ya sa Gandoki ya fi Iliya daraja a wurin mai nazarin tarihi, domin a cikinsa ake ganin yadda malamin da ya ga zuwan Turawa da idonsa ya sarrafa zafin abin cikin harshen da hukumar Turawan za ta yarda ta buga.

Bayan Zamanin Littattafan

Musun bai tsaya ga waɗannan biyu ba. Gidajen silima sun kawo jaruman Indiya tun daga shekarun 1950, suka kawo na 'yan Sin irin su Bruce Lee a shekarun 1970. Adabin kasuwar Kano ya fito da littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da sadaukai da matsafa da aljannu, waɗanda jikokin rabin Gandoki na biyu ne. Wayar hannu kuma ta kawo jaruman zanen Amurka, Superman da ya fara fitowa a 1938 da Batman a 1939, waɗanda aka haɗa su faɗa a wani fim na 2016. Abin lura shi ne Gandoki ya girme wa Superman da shekara huɗu, kuma musun da ake yi a kan waɗannan baƙi biyu, na baiwar da aka haifi mutum da ita da dabarar da ya nema da kansa, shi ne dai wanda aka yi a kan Iliya da Gandoki, aka kuma yi a kan Giwa da Gizo.

Bambancin da ya shigo shi ne na mai hukunci. A tatsuniya masu sauraro ne suke yankewa, kowa da hujjarsa. A fim kamfani ne yake yankewa, ɗan kallo ya karɓa. In musun ya koma neman abin da kamfani ya faɗa, to an rasa abin da ya sa tsofaffi suka bar labarin 'ya'yan sarki uku a buɗe, watau koya wa yaro kafa hujja da sauraron ta abokin gardama.

Kammalawa

An nuna cewa musun wa zai ka da wani ya samo asali daga tatsuniyoyin da ake rufewa da tambaya, ya ɗauki kalmomin awonsa daga fagen dambe, ya shiga aji ta hanyar littattafan Zariya. An kuma nuna cewa gwama Gandoki da Iliya a kudancin Katsina ya haɗa da wata tambaya ta tarihi, domin rundunar da Gandoki ya yi wa barde ta sauka a bakin iyakar wannan yanki a 1901 zuwa 1902. Malamin Hausa da ke koyar da waɗannan littattafai a Danja ko Funtuwa yana da damar da ba kowa ke da ita ba: ya bar ɗalibai su yi musunsu bisa hujja daga littafi, sa'an nan ya ajiye musu shaidar Baba ta Karo kusa da ta Malam Bello Kagara. Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban manyan digiri, na bin gidajen sarauta da zuriyar tsofaffin rinjoji daga Maska zuwa Kaya da Zarewa, a rubuta abin da ya saura a baka game da zamanin Mai Sudan, domin waɗanda suka ji shi daga bakin waɗanda suka gani sun kusa ƙarewa.